Kula da zirga-zirgar jiragen sama a yankin Kano

Kula da zirga-zirgar jiragen sama aiki ne da wasu ƙwararrun jami'ai ke yi daga ƙasa, inda suke ba matuƙa umarni ta rediyo domin kada jirgi ya kusanci wani jirgin fiye da yadda doka ta yarda, ko a sama ko a kan titin sauka. Ginshiƙin aikin shi ne tazara, wato ratar da ake bari tsakanin jirage biyu, wadda ake aunawa da ƙafa, da mil, ko da minti. Aikin ya fi tsanani a kusa da filayen jiragen sama, domin a nan ne jiragen da suka fito daga wurare daban-daban, masu girma da gudu daban-daban, suke haɗuwa suna neman titi guda. A Najeriya hukumar NAMA ce ke gudanar da wannan aiki. Ɗaya daga cikin manyan cibiyoyinta biyu tana Kano, kuma kwalejin da ke horar da jami'an tana Zariya.

Yankin sararin samaniyar Kano

Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Duniya, wadda ake kira ICAO, ta kasa sararin samaniyar duniya zuwa yankuna, kowane yanki da ƙasa ko hukumar da ke da alhakinsa. Yankin da ya rufe Najeriya sunan Kano yake ɗauke da shi, kuma ya yi iyaka da yankunan Yamai, Njamena, Brazzaville da Accra. Cibiyoyi biyu ne suka raba aikin: ta Kano tana kula da arewa, ta Legas tana kula da kudu. A Jamhuriyar Nijar kuwa aikin yana hannun ASECNA, hukumar haɗin gwiwa ta ƙasashen Afirka da dama da aka kafa a shekarar 1959, mai hedikwata a Dakar.

Filin Jirgin Sama na Malam Aminu Kano shi ne babban filin da ke arewacin yankin. Yana da titin sauka biyu, babban cikinsu tsawonsa kimanin mita 3,300, kuma jiragen farar hula da na soja suna amfani da filin tare. Akwai wasu filayen a Kaduna, Zariya, Katsina, Sakkwato, Maiduguri da sauran garuruwa, kowanne da hasumiyarsa.

Tarihi

An fara kula da zirga-zirgar jirage daga hasumiya a filin jirgin Croydon da ke Landan a shekarar 1920. A watan Nuwamba na 1925 jiragen sojan saman Birtaniya guda uku da suka taso daga Masar suka sauka a Kano, kuma su ne jirage na farko da suka sauka a Najeriya. A shekarar 1936 aka fara jigila a kai a kai tsakanin Khartoum da Kano.

Yarjejeniyar Chicago ta ranar 7 ga Disamba, 1944 ita ce ta haifar da ICAO, wadda ta fara aiki a 1947 da hedikwata a Montreal. Daga ita ne ƙa'idojin tazara da ƙasashe ke bi suka fito. Karon da jirage biyu suka yi a saman Grand Canyon a Amurka a 1956, wanda ya kashe mutum 128, ya sa aka ƙara ƙaimi wajen sa ido kan jirage da na'urar rada.

A Najeriya an kafa NAMA da dokar 1999, ta fara aiki a shekarar 2000. A watan Oktoba na 2010 aka ƙaddamar da shirin TRACON, wanda manufarsa ita ce rada ta rufe sararin ƙasar baki ɗaya. An kafa tashoshi tara: a Legas, Abuja, Kano, Fatakwal, Ilori, Maiduguri, Numan, Obubra da Talata Mafara.

Matakan da jirgi mai sauka ke bi

Jirgi mai shirin sauka yana wucewa ta hannun jami'ai kashi uku, kowane kashi da layin rediyonsa.

Na farko shi ne jami'in cibiyar yanki, wanda ke kula da jirage a can sama yayin da suke kan hanya. Shi ne ke ba matuƙi izinin fara gangarowa. Na biyu shi ne jami'in tunkarar fili, wanda ke karɓar jirgin idan ya rage 'yan gomiyoyin mil, ya jera shi a bayan sauran masu sauka, ya kuma raba shi da masu tashi. Na uku shi ne jami'in hasumiya, wanda ke ganin titin da idonsa, kuma shi kaɗai ke ba da izinin sauka. Bayan jirgi ya bar titi, a manyan filaye wani jami'in ne ke jagorantar sa zuwa wurin tsayawa.

Gangarowa tana farawa da nisa sosai. Matuƙa suna da lissafin da suka saba da shi: kowace ƙafa 1,000 da jirgi zai sauko tana buƙatar tafiyar kimanin mil 3. Mil ɗin da ake nufi a harkar jirage shi ne mil na teku, wanda ya kai kilomita 1.852. Idan aka ja miƙaƙƙen layi daga Abuja zuwa Kano, layin zai ratsa ƙasar Ikara a arewacin Jihar Kaduna, inda ya rage kimanin kilomita 100 zuwa filin Kano, wato wajen mil 55. Bisa wannan lissafi, jirgin da mutanen Saulawa ko Paki za su hango ya nufi arewa yana kimanin ƙafa 18,000 sama da filin da zai sauka, kuma tuni ya fara gangarowa. Tun daga irin wannan nisa jami'ai ke tsara wanda zai riga wani sauka.

Ire-iren tazara

Doka ta ce a kowane lokaci dole ne a samu aƙalla nau'i ɗaya na tazara tsakanin jirage biyu da ke ƙarƙashin kulawa. Jami'i ba ya sakin wani nau'in sai ya tabbatar ɗayan ya samu.

Tazarar bisa. Mafi ƙarancinta ƙafa 1,000 ne, kimanin mita 300. A da, daga ƙafa 29,000 zuwa sama ƙafa 2,000 ake bari, saboda na'urorin auna bisa ba su cika daidai ba a can. Da na'urori suka inganta aka rage ta zuwa ƙafa 1,000 tsakanin ƙafa 29,000 da 41,000, kuma ƙasashen Afirka sun fara aiki da wannan tsari a watan Satumba na 2008. Akwai kuma ƙa'idar alƙibla: jirgin da ya karkata gabas yana bin bisa mai lamba mara, kamar ƙafa 25,000 ko 27,000, wanda ya karkata yamma kuma yana bin mai lamba cika, kamar 24,000 ko 26,000. Saboda haka jirgin Abuja zuwa Kano da na Kano zuwa Abuja ba sa tafiya a bisa ɗaya. Haɗarin yana zuwa ne lokacin da ɗaya ke gangarowa ɗaya ke hawa, domin dole kowanne ya ratsa bisan ɗan'uwansa.

Tazarar nisa. Inda rada ke aiki, mafi ƙarancin nisa tsakanin jirage biyu da ke bisa ɗaya mil 5 ne. A kusa da fili, idan na'urar ta cika sharuɗɗa, ana iya rage shi zuwa mil 3, a wasu filayen ma zuwa mil 2.5 a layin sauka na ƙarshe.

Tazarar lokaci. Inda babu rada, ko ta samu matsala, jami'i yana dogara ne da rahoton matuƙa: inda suke, bisan da suke, da lokacin da za su kai wuri na gaba. A nan akan bar minti 10 ko 15 tsakanin jirage biyu da ke bin hanya ɗaya a bisa ɗaya. Jirgin da ke gudun mil 7 a minti ɗaya yana cin mil 70 a minti 10, wato ninki 14 na tazarar rada. Shi ya sa lalacewar rada ke jawo jinkiri ko da sama tana garau.

Tazarar titi. Ba a barin jirgi mai sauka ya ƙetare bakin titi sai wanda ya riga shi ya fita daga titin, ko kuma mai tashi ya wuce ƙarshen titin ko ya yi kwana. Babban jirgi yakan ɗauki kimanin minti ɗaya daga taɓa ƙasa zuwa barin titi. Jirgin da ke tunkarar titi da gudun mil 140 a awa yana cin mil 3 a cikin daƙiƙa 77, saboda haka abin da ya rage wa jami'in hasumiya kaɗan ne. Idan titin bai kuɓuta ba, sai ya umarci na baya ya fasa sauka ya sake hawa. Fasa sauka mataki ne da aka tanada a doka, kuma kowane fili yana da hanyar da aka zana domin haka.

Guguwar bayan jirgi

Fiffiken jirgi yana ɗaga shi ne saboda bambancin matsin iska tsakanin samansa da ƙasansa. A bakin kowane fiffike iskar tana murɗawa, ta bar guguwa biyu a bayan jirgin waɗanda ido ba ya gani. Guguwar ta fi ƙarfi idan jirgin mai nauyi ne kuma yana tafiya a hankali, wato daidai lokacin sauka da tashi. Tana gangarowa ƙasa da hanyar da jirgin ya bi, kuma idan iska ta kwanta tana iya daɗewa har minti biyu ko uku. Ƙaramin jirgin da ya faɗa cikinta yana iya birkicewa kafin matuƙi ya yi wani abu.

Saboda haka ICAO ta kasa jirage bisa mafi girman nauyin da za su iya tashi da shi. Mai nauyi shi ne mai kilo 136,000 zuwa sama, kamar Boeing 747, Boeing 777 da Airbus A330. Matsakaici shi ne wanda ya wuce kilo 7,000 amma bai kai 136,000 ba, kamar Boeing 737. Marar nauyi shi ne mai kilo 7,000 zuwa ƙasa, kamar jiragen koyon tuƙi. Airbus A380 yana da rukuni nasa shi kaɗai. Tazarar da ake bari a layin sauka ita ce:

Mai nauyi a bayan mai nauyi: mil 4
Matsakaici a bayan mai nauyi: mil 5
Marar nauyi a bayan mai nauyi: mil 6
Marar nauyi a bayan matsakaici: mil 5
Matsakaici a bayan A380: mil 7
Marar nauyi a bayan A380: mil 8

Inda babu rada, matsakaici yana jiran minti 2 a bayan mai nauyi, marar nauyi kuma minti 3 a bayan mai nauyi ko matsakaici. Wannan ƙa'ida ta fi taɓa filayen arewa a lokacin jigilar alhazai, sa'ad da manyan jirage ke sauka a Kano, Katsina, Sakkwato da Kaduna tare da jiragen cikin gida.

Yadda ake jera jirage

Jami'in tunkarar fili yana da hanyoyi uku na samar da tazara. Zai iya canja wa jirgi alƙibla, ya tsawaita masa hanya ko ya gajarta ta. Zai iya sa shi ya rage gudu ko ya riƙe wanda yake da shi. Idan waɗannan ba su isa ba, sai ya tura shi kewayen jira.

Kewayen jira wuri ne da aka ayyana a sama, inda jirgi ke zagayawa a siffar filin tsere. Bisa ƙa'ida ana yin kwana zuwa dama, kuma miƙaƙƙiyar tafiyar minti ɗaya ce daga ƙafa 14,000 zuwa ƙasa, minti ɗaya da rabi a sama da haka. Zagaye ɗaya yana cin kimanin minti 4. Idan jiragen suna da yawa sai a ɗora su hawa-hawa, ƙafa 1,000 tsakanin kowanne da na samansa. Na ƙasa ne ke fara fita, sannan a sauko da sauran ɗaya bayan ɗaya, kuma ba a ba jirgi wani hawa sai wanda ke ciki ya tabbatar ya bar shi.

Galibi wanda ya riga zuwa shi ke riga sauka. Amma jirgin da ke cikin matsala, ko mai ɗauke da majinyaci, ko wanda mansa ya yi ƙasa, ana ba shi fifiko. A wasu filaye masu cunkoso an koma auna tazarar layin sauka da lokaci maimakon nisa, domin iska mai ƙarfi daga gaba tana rage gudun jirgi. Filin Heathrow na Landan ne ya fara wannan a 2015.

Hazo da hadari

Daga watan Nuwamba zuwa Maris iskar hunturu tana kwaso ƙura daga Sahara ta rufe ƙasar Hausa. Idan hazo ya yi kauri, jami'in hasumiya ba ya ganin ƙarshen titi, matuƙi kuma ba ya ganin jirgin da ke gabansa, saboda haka ba za a iya dogara da ido wajen raba su ba. Sai a ƙara tazara, adadin jiragen da ke sauka a awa ya ragu, wasu a karkatar da su zuwa wani fili. Hukumar NiMet ce ke auna nisan gani, iska da matsin iska, jami'i kuma ya isar wa matuƙi.

A irin wannan yanayi jirage suna bin na'urar ILS, wadda ke aika siginar rediyo biyu daga ƙasa: ɗaya tana nuna tsakiyar titi, ɗaya tana nuna gangare, yawanci na digiri 3, wato kimanin ƙafa 300 a kowane mil. A rukuni na ɗaya na wannan na'ura matuƙi yana saukowa har ƙafa 200 daga ƙasa, kuma ana buƙatar nisan gani na mita 550 a kan titi. A rukuni na biyu ƙafa 100 ne da mita 300. Idan ya kai wannan iyaka bai ga titi ko fitilunsa ba, dole ya fasa sauka.

Da damina kuma hadari ne matsalar. Matuƙa suna neman izinin kauce masa, jirage su bar hanyoyin da aka zana su matsu a sararin da ya rage, jami'i kuma ya sake tsara jerin daga farko.

Magana ta rediyo

Ana magana tsakanin jami'i da matuƙi da Turanci, da zaɓaɓɓun kalmomi da ICAO ta tsara, a kan zangon rediyo na megahaz 118 zuwa 137. An keɓe 121.5 domin neman agaji. Duk umarnin da ya shafi bisa, alƙibla, gudu ko titi dole matuƙi ya maimaita shi, jami'i kuma ya saurara ya gyara idan an ji ba daidai ba. Kafin sauka jami'i yana ba matuƙi matsin iskar wurin domin ya saita na'urar auna bisa. Kuskuren lamba ɗaya a wannan saiti yana sauya abin da na'urar ke nunawa da kusan ƙafa 30, kuskuren lamba 10 kuma da kusan ƙafa 300.

Na'urorin kariya

Rada iri biyu ce. Ta farko tana aika sigina ya bugi jirgi ya dawo, ta nuna inda yake kawai. Ta biyu tana tambayar wata na'ura da ke cikin jirgin, ita kuma ta amsa da lambarsa da bisansa. Lambobi uku an keɓe su: 7700 na matsalar gaggawa, 7600 na lalacewar rediyo, 7500 na fashin jirgi. Sabon tsarin ADS-B kuma jirgin ne da kansa ke shelar inda yake bisa bayanan tauraron ɗan'adam.

A cikin manyan jirage akwai na'urar TCAS, wadda ke sauraren jiragen da ke kusa. Idan ta ga karo na tafe, takan ba matuƙi umarnin hawa ko sauka, daƙiƙa 15 zuwa 35 kafin haɗuwar. Ba ta ba da umarnin kwana. Bayan karon Überlingen a Jamus ranar 1 ga Yuli, 2002, inda mutum 71 suka mutu bayan wani matuƙi ya bi umarnin jami'i ɗayan kuma ya bi na na'ura, an fayyace doka cewa umarnin TCAS ne ake bi ko da ya saɓa wa na jami'i.

Haɗarin Ejirin

Fitaccen haɗarin da rashin tazara ya jawo a Najeriya shi ne na ranar 7 ga Nuwamba, 1996. Jirgin kamfanin ADC ƙirar Boeing 727 ya taso daga Fatakwal, yana gangarowa domin sauka a Legas, sai ya yi kusa da wani jirgin kamfanin Triax da ya tashi daga Legas. Na'urar TCAS ta yi gargaɗi. A ƙoƙarin kaucewa jirgin ADC ya karkata fiye da ƙima, ya ƙwace wa matuƙan, ya faɗa ruwa a Ejirin kusa da Epe. Jiragen biyu ba su taɓa juna ba, amma duk mutum 144 da ke cikin na ADC sun rasu, cikinsu har da masanin kimiyyar siyasa Farfesa Claude Ake. Binciken hukuma ya ɗora musabbabin farko a kan rashin tsara tazara yadda ya kamata daga jami'in rada, sannan ya ambaci yadda matuƙin ya yi kwanar kaucewa.

Bayan kwana biyar, ranar 12 ga Nuwamba, 1996, jirgin Saudiyya da ya tashi daga Delhi ya yi karo da jirgin Kazakhstan mai shirin sauka a saman Charkhi Dadri a Indiya, mutum 349 suka mutu. An umarci jirgin Kazakhstan ya tsaya a ƙafa 15,000, amma ya sauko ƙasa da haka zuwa bisan jirgin Saudiyya. A duka haɗurran biyu jirgi mai sauka ne ya haɗu da mai tashi. Domin rage irin wannan, manyan filaye suna zana wa masu sauka da masu tashi hanyoyi daban-daban, kuma ana ƙayyade bisan kowanne a wurin da hanyoyin suka gitta.

Horar da jami'ai a Zariya

Kwalejin Fasahar Jiragen Sama ta Najeriya, wadda aka fi sani da NCAT, tana Palladan a Zariya, kudu da ƙananan hukumomin Kudan da Makarfi. An kafa ta a shekarar 1964 da tallafin ICAO da Majalisar Ɗinkin Duniya. Tana horar da matuƙa, injiniyoyin gyaran jirage, injiniyoyin na'urorin sadarwa da jami'an kula da zirga-zirga, kuma ɗalibai na zuwa daga wasu ƙasashen Afirka. Tana da filin jirgi inda ƙananan jiragen koyo ke tashi da sauka. Takwararta a Nijar ita ce makarantar EAMAC da ke Yamai, mallakar ASECNA.

Ɗalibi yana karanta dokokin sufurin sama, ilimin yanayi, kewaya da taswira da halayen jirage, sannan ya yi atisaye a na'urar kwaikwayo, inda ake haɗa masa cunkoso, hazo da lalacewar rediyo. Bayan kwaleji yakan yi aiki a hasumiya ƙarƙashin idon gogaggen jami'i kafin hukumar NCAA ta ba shi lasisi. Kowane sashe, hasumiya ko tunkarar fili ko cibiyar yanki, yana da shaidar ƙwarewarsa daban. Ana kuma buƙatar gwajin lafiya lokaci zuwa lokaci, da ƙwarewar Turanci aƙalla mataki na 4 cikin matakai 6 na ICAO. Jami'an Najeriya suna da ƙungiya mai suna NATCA, kuma ranar 20 ga Oktoba ta kowace shekara ita ce ranar jami'an kula da zirga-zirgar jiragen sama ta duniya.